Yadda zaka zaɓi na'urar gani da dare ka ɗaura ta a bindigar iska don ɓerayen sito

Duk mai sito ko magazen na hatsi a Garwa ko Marwa a arewacin Kamaru ya san daga an shigo da masara da gyaɗa, balle in muskuwari, wato dawar rani, ya iso bayan sanyi, to ɓeraye sun tare kenan. Guba tana aiki amma kowa ya san halinta, kaza ta tsinci ƙwaya ta mutu, mage ta ci ɓeran da ya ci ta bi shi, ko ɓeran ya je ya mace can ƙarƙashin buhunan ƙasa sai wari ne zai gaya maka. Tarko kuma kwana kaɗan suna gane shi. Shi yasa wasu suka koma bindigar iska, to amma ɓera da dare yake fita kuma kana haska masa tocila ya shige rami, daga nan ne maganar na'urar gani da dare ke shigowa. Abin da nake gani shine mutane suna farawa ta wajen na'urar, an ga bidiyo a Facebook wani bature yana hango zomo daga mita ɗari biyu sai rai ya biya. Kai ɗan uwa ɓeranka yana mita goma ne zuwa ashirin, wani lokaci ma mita biyar, kuma bindigar da ke hannunka ita zata faɗa maka irin na'urar da zata iya zama a kanta. Daga nan ake farawa.

Amma kafin bindigar ma, takarda. Tun 2014 da rikicin Boko Haram ya tsallako Arewa Mai Nisa, su Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logone-et-Chari, duk wani abu mai gani a duhu jami'an tsaro kallon kayan yaƙi suke masa, kuma ba zaka ga laifinsu ba. Kamaru tana da dokar makamai mai lamba 2016/015 ta 14 ga Disamba 2016, saboda haka kafin ka tura kuɗi ko'ina ka je ofishin supurefe, wato jami'in mulkin gundumarku, da na jandarma ka faɗi irin bindigarka da irin na'urar da kake so da aikin da zaka yi da ita, abin da suka ce maka ka nemi ya zama a rubuce, in sun ce a'a to a'a ne ka tsaya a jar tocila da zan yi maganarta a ƙasa. In kaya zasu shigo daga waje su bi ta duwan, wato kwastam, ka riƙe rasit. Kar ka sa na'urar a jaka ka ce zaka tsallaka gadar Ngueli daga Kusiri zuwa Njamena da ita, ko ka yi ta yawo da ita a mota ana wuce shingen bincike. Sannan wannan magana ta ɓeran sito ce da gidan kaji kawai. Tun a dokar daji ta 1994 aka hana farautar dare da fitila ko wani abin haskawa, kuma tun abin da ya faru a gandun dajin Bouba Ndjida a 2012 da aka kashe ɗaruruwan giwaye, masu gadin daji a can da Waza da Benuwe da Faro ba sa wasa da wanda suka gani da bindiga da dare ko ta iska ce.

Toh mu zo kan bindiga. Iri biyu ne zaka fi gani a wajenmu. Akwai mai sifirin, wadda ake karya bakinta a sa dalma a mayar, su Gamo na Sifen, Hatsan na Turkiyya, Diana da Weihrauch na Jamus da 'yan Chana masu araha. Akwai kuma mai tanki wadda ake kira PCP, ana dura mata iska da famfo har wajen bar 200 ko sama. Bambancinsu a wannan harka babba ne wallahi. Mai tanki kusan ba ta motsi in ka harba, duk na'urar da ka ɗora mata zata zauna lafiya. Mai sifirin kuwa girgizarta biyu ce, in ka ja kunama fistin ya tafi gaba bindigar ta yo baya, fistin ya daki ƙarshe bindigar ta zabura gaba, duk cikin ƙiftawar ido. Madubai, wato abin hangen nesa da ake ɗorawa kan bindiga, da na'urori da yawa an gina su ne don dukan da ke zuwa ta baya kaɗai irin na bindigar harsashi, to wannan zaburar ta gaba ita ke kwance gilasai a ciki, ta girgiza batir na'urar ta mutu a daidai lokacin harbi, ko saiti ya riƙa yawo. Kar adadin ƙarfin da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka, na'ura tana iya jure babbar bindigar farauta amma mai sifirin ta kashe ta. Ka nemi inda kamfanin ya ce ta dace da mai sifirin, in bai ce ba ka ɗauka bata dace ba.

Ƙarfin bindigar ma a duba. A Jamus wadda aka bugawa harafin F a jiki ba ta wuce jul 7.5, jul shine ma'aunin ƙarfin harbi, a Ingila iyakar da ba sai da lasisi ba wajen jul 16 ce, Faransa 20. Ɓera a mita goma sha biyar jul 12 zuwa 16 ya ishe shi har ya yi yawa. Waɗannan manyan masu jul 30 da ake alfahari da su, su ne suka fi cin madubi, su ne kuma ke huda kwanon rufi a cikin sito, damina tazo ka rasa ta ina ruwa ke ɗiga kan buhuna. Girman dalma milimita 4.5 ko 5.5 duk suna yi, ni na fi son 5.5 a cikin gini don bata cika ratsa ɓera ta wuce ba.

Su na'urorin kansu, in aka cire talla, kala uku ne. Na farko tsohuwar mai kwalba da ke ƙara hasken taurari, mai nuna komai kore, su Gen 1 da Gen 2 da Gen 3. Manta da ita. Gen 1 hotonta dishi-dishi ne ga lanƙwasa a gefe kuma hasken rana ko fitilar mota na iya ƙona ta, Gen 3 kuwa kayan soja ne Amurka ma ta sa takunkumi kan fitar da shi, ba abin da zai haɗa mai sito da ita. Na biyu mai ganin zafin jiki. Tana da daɗi wajen gano inda ɓera yake ko ya lafe, amma ga tsada, ba ta gani ta cikin gilashi saboda haka baza ka maƙala ta a bayan madubinka ba, sannan yanayinmu ba ya taimaka mata. A Maris da Afrilu da zafin Garwa ke haura 40, bangon bulo da kwano da buhunan kansu suna riƙe zafi har tsakar dare, jikin ɓera kuma wajen 37 zuwa 38 ne, sai kaga ɓera da bango sun kusa zama launi ɗaya. Lokacin sanyi ne take nuna kanta. Kuma ko ta nuna maka abu mai ɗumi ba lallai ka bambance ɓera da ɗan tsako ko 'yar kyanwa ba.

Na uku ita ce tamu, dijital. Kyamara ce kawai da ɗan allo a ciki da fitilar IR, wato hasken da idon mutum ba ya gani amma kyamara na gani. Rana ba ta ɓata ta, zaka iya yin saiti da ita da rana tsaka, yawanci tana ɗaukar bidiyo. Ita ma gida biyu take. Akwai wadda ake maƙalawa a bayan madubin rana da kake da shi, irin PARD NV007, akwai kuma wadda ita kanta madubi ce cikakkiya ka cire na rana ka ɗora ta, irin PARD NV008, Sightmark Wraith, HIKMICRO Alpex, Pulsar Digex.

Wacce zaka ɗauka? In bindigarka ɗaya ce kuma kana amfani da ita da rana, kuma madubinka mai kyau ne, ta maƙalawa ta fi maka. Saitinka ba ya canzawa tunda leƙawa kawai take ta cikin madubin, da safe ka murɗe ta ka cire shikenan. Sai dai tana da sharaɗi da mutane ke tsallakewa su zo suna cewa an sayar musu da jabu. Dole madubin ranar ya zama mai gyaran faralaks, wato wurin murɗawa da ke daidaita gani da nisan abin da kake kallo, ko zobe a gaba mai rubutun AO ko ƙaramar taya a gefen hagu, kuma ya iya saukowa har mita 10 ko ƙasa. Dalili, hasken IR ba a wuri ɗaya yake haɗuwa da hasken rana a cikin gilashi ba, abin da ke fes da rana sai ya yi hazo da dare sai ka sake murɗawa, in madubin ba shi da wurin murɗawa, irin waɗanda aka kafe a yadi 100 don bindigar harsashi, to zaka ga zaren saiti, wato layukan nan da ke cikin madubi, fes ɓera kuma hazo, ko ɓera fes zare hazo, ba yadda zaka yi. Wani abin mamaki ma wasu madubai masu tsada fentin gilashinsu yana tare IR, sai mai araha ya fi su haske da dare. Matsala ta biyu tana ƙara tsawo a baya, kanka zai ja baya daga inda ka saba kwantar da kunci, sai ka ƙara wa gindin bindigar tsawo da roba ko katako, a kan mai sifirin kuma in ka manna ido sosai zata dungure ka a gira.

Cikakkiyar dijital ta fi daɗin riƙo ta fi haske, amma ka kalli lambar kusantowa, wato sau nawa take kusanto da abu, ta farko ba ta ƙarshe ba. Da yawa an yi su ne don fili, suna farawa daga 4.5 ko 6.5, a cikin sito mai tsawon mita goma sha biyu in ka leƙa da 6.5 buhu ɗaya ne zai cika maka allo, ɓera ya gifta ka rasa ta ina ya bi. Mai farawa daga 2 ko 3 ko 3.5 ta fi. Wancan babban lamba da ake rubutawa wai har 20 ko 30, faɗaɗa hoto ne kawai irin na waya, yana fashewa. Ka kuma tambaya mita nawa ne mafi kusa da take iya fayyace abu, in ta ce 10 kai kuma rabin harbinka a 6 ne kaga akwai gyara.

Fitilar IR zaka ga an rubuta 850 ko 940. Ta 850 ta fi nisa da haske amma in ka kalli bakinta akwai ɗan ja-ja, ta 940 kusan ba a ganin komai sai dai nisanta ya ragu. A sito nisa ba shine damuwarka ba, yawan haske ne ma damuwar, saboda haka 940 ta isa, ɓerayen da aka daɗe ana harbi ma sukan fara tsarguwa da jan nan na 850. Abin da ya fi lambar muhimmanci shine fitilar ta zama ana rage mata ƙarfi ana kuma buɗe haskenta ya bazu. Masu leza suna da ƙarfi fiye da kima a cikin gini, su daki farin buhu allo ya yi fari fat. In kana so ka san tana ci, nuna ta ga kyamarar waya yadda ake gwada rimot. Kar ka leƙa da idonka kuma kar ka bari yara su leƙa, ido ba ya ƙiftawa tunda bai ga haske ba amma hasken na shiga.

Wanda aljihunsa bai kai ba ko hukuma ta ce masa a'a, jar tocila a ɗaure saman madubi tana aiki, ɓera ba ya ganin ja sosai, in ka rage haske baka yi ta wulwula ta ba zaka samu harbi. Masu gyaran kyamarar tsaro kuma suna iya haɗa maka ta gida, ƙaramar kyamara mai ganin IR a bayan madubi da ɗan allon nan na ribas ɗin mota da batir mai bolt 12, tana yi, illarta allon yana haske maka fuska kuma wayoyi sun yi yawa. Ita ma fa na'urar gani da dare ce a idon jandarma, maganar takarda na nan.

Yanzu ɗauri, kuma nan ne rabin kuɗin mutane ke zubewa don sai a sayi na'ura mai tsada a ɗaure ta da zobban da aka samu kyauta a kwali. Kalli saman bindigarka. Yawancin bindigogin iska tsagi biyu ne siriri a gefe da gefe, faɗinsu milimita 11, wasu 9 da wani abu. Na'urorin dijital kuwa da yawa da ƙafar Picatinny suke zuwa, mai faɗin milimita 21 da haƙora a jere. Ba sa shiga juna, sai ka sayi mahaɗi daga 11 zuwa 21. Ka nemi dogo guda ɗaya mai kusoshi uku ko huɗu a gefe, kar ka ɗauki 'yan gutsattsarin nan biyu, kuma mafi ƙanƙanta a tsayi da zaka samu, zan faɗi dalili. In madubin rana ne da zobba, auna bututunsa, ko milimita 25.4 ne ko 30, zobe ya zama daidai shi.

A kan mai sifirin akwai ɗan rami a saman bindigar wajen baya, maƙalin kirki kuma yana da ɗan ƙusa a ƙasa da ke shiga ramin. Wannan ƙusan shine birki. In babu shi duk yadda ka ɗaure, maƙalin zai riƙa silalowa baya kaɗan-kaɗan da kowane harbi har wata rana ka ga ya kusa fita daga tsagin, kuma na'urar dare ta fi madubi nauyi saboda haka ta fi saurin silalowa. Kafin ka ɗora komai goge tsagin da maƙalin da tsumma da ɗan sifirit ko fetur mai ya fita tas. Ɗiga wa kusoshin gam ɗin zare mai launin shuɗi irin Loctite 243, in babu, jan farcen mata yana riƙewa, amma kar ka sa jan gam ko sufa gulu don ranar kwancewa zaka yi kuka. Kusoshin gefe da ke kama tsagi a ɗaure su sosai. Na saman zobe kuwa da ke danne bututu a hankali, riƙe alanki ta gajeren gefensa da yatsu, kana ɗaure na nan kaɗan ka tsallaka na can kaɗan, har giɓin hagu da dama ya zo ɗaya. Masu ɗaurewa da dukkan ƙarfinsu su ke lotsa bututu, taya ta faralaks ta daina juyawa. In ka gama ja layi da fensir a jikin bindiga daidai bakin maƙali, bayan harbi ashirin ko talatin ka duba ko ya motsa.

Kar na'urar ta karkace. Jingina bindigar a tsaye daidai kan buhun yashi, rataya zare da dutse a ƙasansa a bango mita goma, juya na'urar har layin tsaye na saiti ya kwanta kan zaren sannan ka ƙarasa ɗauri. Da madubi mai tsayi 'yar karkata kaɗan tana kai dalma gefe sosai.

Bindigogi masu karya baki da yawa bakinsu yana ɗan sunkuyawa ƙasa, zaka gane in ka ga dalma tana sauka can ƙasa ka murɗa saiti har ya ƙare bata hau ba, a dijital kuma sai kaga alamar saiti ta gangara can gindin allo. Maganin shine a ɗaga bayan na'urar kaɗan, ko maƙali mai gangare da aka yi don haka, ko ka yanka 'yar roba siririya daga gorar ruwa ka shimfiɗa a cikin zoben baya ta ƙasa, ɗaya ko biyu kar ka wuce haka.

Ta maƙalawa a baya ita tana zuwa da abin da ake kira wuya, zobe ne da ake sawa a bakin madubi wajen ido, akwai mai milimita 42 da 45 da 48. Auna naka kafin ka yi oda. In ya ɗan yi sako-sako naɗa tef ɗin masu wuta zagaye ɗaya ko biyu a miƙe ba tare da ya hau kan juna ba, ka sa wuyan ka duba allo, da'irar madubin ta zauna a tsakiya ba inuwa a gefe guda, sannan ka ɗaure. Gyaran gani kuma jere gare shi, in ka hautsina zaka kwana kana murɗe-murɗe. Fara da zoben da ke wajen idonka har rubutun allo ya fito fes, daga nan kar ka sake taɓa shi. Sai zoben na'urar har zaren saiti ya fito. Na ƙarshe faralaks na madubi har abin da kake kallo ya fito, wannan na ƙarshen shi kaɗai zaka riƙa taɓawa a wajen aiki. Madubin ka sauke shi zuwa 3 ko 4, in zarensa mai kunnawa ne kashe shi.

Saiti da rana ake fara shi. Kwali a mita 20, bayansa buhun yashi ko bangon ƙasa. Cikakkun dijital yawanci suna da tsarin da zaka harba ɗaya, ka tsayar da hoto alama na kan tsakiya, ka matsar da alama ta biyu zuwa inda dalma ta huda, ka adana. Yana rage ɓarnar dalma amma kar ka yarda da harbi ɗaya, yi biyar ka ga sun taru. Da irin dalmar da zaka yi aiki da ita zaka yi saiti, ka canza gwangwani ka sake dubawa. Mai sifirin kuma ba a matse ta, a kan tafin hannu take kwanciya ta yi motsinta, in ka ɗora ta kai tsaye kan bulo ko katako wani wuri daban zata kai, kuma nauyin na'urar ya riga ya canza mata motsi saboda haka tsohon saninka da ita sai an sabunta. In duhu ya yi ka sake harba biyar da IR a kunne don ka tabbatar.

Ga dalilin da nace maƙali ya zama gajere. Na'ura tana sama, bakin bindiga yana ƙasa, da mahaɗi da komai tsakaninsu yakan kai santimita 6 ko 7. In ka yi saiti a mita 20, a mita 10 dalma zata sauka ƙasa da alama da wajen santimita 2, a mita 5 wajen 4. Wurin da ake nema a kan ɓera, tsakanin ido da kunne, bai kai faɗin kwabon dala ashirin ba, kaga kenan a mita 5 in ka ɗora alama a kansa ƙasa zaka harba ko ka raunata shi ya ja jiki ya shige cikin buhuna, wanda ba kyau ta kowace fuska. Mutane suna ɗauka kusa ya fi sauƙi, a nan kusa ne ake ɗaga alama sama. Saboda haka jera kwalaye a mita 5, 8, 10, 15, 20, 25 ka harbi kowanne kana nufin tsakiya, rubuta inda ta sauka, manna takardar a gindin bindiga. In sitonka gajere ne gaba ɗaya to yi saitin a 12 ko 15 kawai, wasu na'urorin ma suna adana saiti fiye da ɗaya. Da dare a allo ba a gane nisa ko kaɗan, komai a shafe yake, don haka da rana ka auna daga inda zaka zauna ka ajiye alamu, rabin bulo a nan gwangwani a can. Wannan tsayin yana da wani tarkon kuma, kana ganin hanya fes a allo ashe bakin bindiga yana fuskantar gefen buhu ko dakalin taga da ke gabanka.

In ka kunna ka ga farin hazo ta ƙasan allo, hasken IR ne ke dukan bakin bindiga yana dawowa. Matsar da fitilar gaba ko sama ko gefe, ko ka naɗe bakin da baƙin ƙyalle mara ƙyalli. In da hali ma cire fitilar daga bindiga ka kafa ta a gefe tana kallon wurin, hoton ya fi kyau. Lokacin hunturu ƙurar da ke yawo a iska tana mayar da IR, allo ya cika da fari-fari, ƙara haske ƙara lalacewa yake sai dai a rage. Ƙurar nan kuma kar ka goge ta da bakin riga daga gilashi, hure ta tukuna ko ka kaɗe da burushi mai laushi.

Batir yawanci 18650 ne mai bolt 3.7. Na gaske ba ya wuce wajen 3500mAh, duk wanda kaga an rubuta 9900 a jikinsa ƙarya ne kuma su suka cika kasuwa, masu gyaran laftof sun fi sanin inda ake samun na kirki. Duba ko na'urarka mai shafaffen kai take ci ko mai tsini, don in ya yi gajere a ramin girgizar harbi zata riƙa kashe ta. IR ke shan wuta, riƙe biyu ko uku ka cika su tun da rana tunda wuta ba ta da tabbas, kuma kar ka bar su a mota ko ɗakin kwano da zafin rana.

Daren aiki kar ka bi ɓera kan buhuna, dalma guba ce bai kamata ta shiga abin da mutane zasu ci ba, ga huda buhu. Jawo shi inda kake so. Shafa tunkuza ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa a kan bulo a gindin bango, abin da zai tsaya lasa ba wanda zai ɗauka ya gudu ba, a bayan bulon ka jingina buhun yashi, don dalma in ta daki siminti ko ƙarfe dawowa take. Yi haka dare biyu uku ba harbi su saba. Gaya wa mutanen gida da maƙwabta da mai gadin layi, a rufe kaji a ɗaure awaki yara su shiga ɗaki. A allo idanu ne zasu fara ƙyalli, to idon mage ma yana ƙyalli, sai ka ga jiki da wutsiya ka tabbatar kafin yatsa ya taɓa kunama. Jaɓa mai dogon baki ƙyale ta, ƙwari take ci. Gafiya kuma ta fi ƙarfin ƙaramar bindiga in ba kusa sosai ba kuma a ka.

Waɗanda suka faɗi a kwashe da shebur a binne da zurfi, ba da hannu ba, ɓeran gida yana ɗauke da cututtuka, zazzaɓin Lassa da ake fama da shi a Najeriya ta fitsari da kashin ɓera yake yaɗuwa. Da safe a toshe ramukan da ka gani suna fitowa da siminti da fasassun kwalabe a ɗora buhuna kan katako nesa da bango, in ba haka ba wasu ne zasu maye gurbi. Mai sifirin kar a ajiye ta a ɗane kuma kar a harba ta ba dalma, in ka ɗana baka samu harbi ba sauke ta a buhun yashi. Cire batir daga na'urar, rufe gilasai, kulle bindiga wuri ɗaya dalma wani wurin, takardun kuma kofi ɗaya ya zauna a cikin jakar na'urar.